Ranar da Makarar Kawu ta Ƙi Tafiya

Bari in fara da abin da zai hutar da masu nuni da baki: wawan wannan labari ni ne. Ni na buɗe bakina a zaman makokin kawuna na saki maganar da ta tashi daga Rafin Guza, ta hau Keke Napep, ta sauka Babbar Kasuwa kafin la'asar, ta dawo mana da ƙafa huɗu da wutsiya. Yau mutanen da ba su taɓa ganin Kawu da ido ba suna rantsuwa cewa laya ya binne a filin ƙwallo, shi ya sa ƙasa ta riƙe gawarsa. Ƙarya ne. Na san ƙarya ne domin uwar ƙaryar a bakina aka haife ta. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, biyu daga ciki ma a bakin taga na yi su, in wanke sunan mutumin da ba zai iya tashi ya wanke kansa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa makwancinsa ya fi gidansa yalwa.

Ranar Talata ya rasu, ana idar da sallar asuba, yana da shekara tamanin da bakwai a lissafinsa, casa'in a lissafin matarsa. Na sha zuwa jana'iza. Tun da na ajiye tuƙin motar ofis kusan ita ce sana'ar da ta rage mini. Amma ban taɓa ganin taro mai shiru irin na ran nan ba. Damina ce, hadari ya haɗu ta gabas ya tsaya cak, ba iska, ba yayyafi. An ɗauke wuta, injin markaɗen maƙwabta ya mutu, har awakin layin suka daina kuka kamar an yi musu magana. Mutane na ta shigowa: tsofaffin direbobi 'yan Kano, 'yan dako Zamfarawa daga kasuwa, manyan ma'aikata masu ritaya da gilashinsu da carbinsu. Wani dattijo da ya taɓa riƙe babban ofis ya tsuguna a bakin kwata yana kuka ba kunya. Wani kuma ya ɗaga babbar rigarsa ya nuna mini tsohuwar rigar ƙwallo a ciki, ta koɗe, ta matse masa tumbi. Sannan ya sake ta.

Abin da ya ɗaure wa matasa kai gaisuwarmu ce.

"Biyar, ya haƙuri?"

"Da godiya, Ɗaya. Ina Biyu?"

"Ga shi can ana turo shi a keke."

Na ji wani saurayi yana raɗa wa abokinsa, "Waɗannan tsofaffin a gidan yari suka san juna ne?" Ba a gidan yari ba ne. Lambobin rigunanmu ne na ƙwallo, da su Kawu yake kiranmu, har matanmu suka ɗauka. Ni ne Tara.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, Bakatsine. Ya shigo Kaduna da sifana biyu da famfon keke, ya kafa rumfar gyaran keke a gefen Babbar Kasuwa. A gidansa na tashi, lokacin Rafin Guza gonaki ne da 'yan gidajen laka. Abin da zai ba ku mamaki, mutumin nan bai taɓa buga ƙwallo ba. Ƙafarsa ta dama ta shanye tun yana goye. Faci ne ya haɗa shi da harkar: mukan kai masa ƙwallonmu ya liƙe, kwana biyu mu sake kaiwa. Ran nan ya ce bari ya je ya ga jakin da ke fasa masa aiki. Ya zo, ya jingina kekensa, ya tsaya kallo har magariba. Da muka tashi ya ce, "Ba ƙwallo kuke ba. Mutum goma sha ɗaya na gani, kowa na neman uwatai a kasuwa." Daga ranar ya zama kocinmu, ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya iya sauke shi.

Bai taɓa gaya mana hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Ya ce wannan kowa ya haddace, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar jinkar. Nasa karin maganar daga rumfa yake ɗebo su. Yakan juya tayar keke a gabanmu ya ce, "Ku duba. Taya ba ta karkacewa don wayoyinta duka sun lalace. Guda ce ke saki, sauran talatin su ɗauki laifi."

Dokokinsa kaɗan ne, amma masu ciwo. Wanda ya ci ƙwallo ba ya murna sai ya je ya gai da wanda ya ba shi. Wanda ya ce "na ci" maimakon "mun ci", shi zai wanke riguna. Ni na fi kowa sanin sabulun wancan zamani.

Sai kuma ƙarfe. Turakun ragarmu na itace ne, an kafa su a fili, amma na saman bututun ruwa ne guda biyu, dogaye, masu nauyin tsiya. Kawu ya ce ɓarayi za su sace, don haka kullum a gidansa suke kwana. Kowace yamma sai a ɗaure su wuri guda, mu jeru mu goma sha ɗaya bisa lambobinmu, mu saɓa a kafaɗa ɗaya, mu kama hanyar fili, tafiyar kamar minti goma. Ba a magana. In ka yi sauri ka taka dugadugin na gabanka, in ka yi sanyi na bayanka ya taka naka, in ka sauya ƙafa ƙarfen ya fara lilo ya goge wa kowa wuya. Kawu na biye da mu yana tura keke, kansa a sunkuye. Ba ya kallonmu. Saurare yake.

Sai da na yi furfura na gane ba ɓarawon da zai saci bututun nan. Mutum uku ma ba sa iya gudu da shi. A bincikena na ilimi, wanda na gudanar a bakin teburin mai shayi, na gano cewa ƙarfen ma'aunin Kawu ne. Kafin mu isa fili ya riga ya san abin da ke cikinmu. Yakan ce, "A aje." Mu ajiye. "Shida, mi ya haɗa ka da Takwas?" Sai ka ga Shida ya sunkuyar da kai, alhali a gidan biki suka yi cacar baki jiya, a wata unguwa, ba wanda ya gani. Wasu a cikinmu sun fara zargin yana da aljani. Ni kaina na taɓa leƙa ƙarƙashin gadonsa. Tsofaffin tayoyi na tarar.

In kuwa muka tafi sumul, ƙafa goma sha ɗaya na sauka kamar ƙafa ɗaya, ƙarfen yakan yi sauƙi har ka manta da shi. Irin wannan ranar ba a cin mu. Ba mu fi kowa gwaninta ba. Akwai kulob ɗin 'yan Abakpa masu takalma na kanti da suka fi mu komai. Amma mu in ɗaya ya ɗaga kai, ya san inda ɗan'uwansa zai kasance kafin shi ɗan'uwan ya sani.

Akwai ranar da aka zura mana biyar a wata unguwa, uku daga ciki ta tsakanin ƙafafun golanmu, Ɗaya. 'Yan kallo suka bi shi da waƙa. Ya zauna a gindin turke ya ƙi tashi, ya ce shi da ƙwallo har abada. Kawu bai rarrashe shi ba. Ya sa mu duka muka raka shi gida a ƙafa, muna kewaye da shi, har zauren mahaifinsa. Tsohon ya fito da faɗa, ya riga ya ji labari. Kawu ya durƙusa, da gurguwar ƙafarsa, ya ce, "Baba, mun zo ba da haƙuri ne. Mutum goma suka bar ɗanka shi kaɗai a bakin ƙofa sau biyar." Ɗaya ya tsare mana gida shekara tara bayan wannan.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Goma taubashina ne, ɗan gwaggona, ɗan ma'aikacin gwamnati daga Abakpa, ya yi sakandare, yana magana kamar rediyo. A ƙarƙashin ƙarfe shi ne a bayana. A fili shi ne mai ba ni ƙwallo. Gaskiyar da na yi shekara arba'in da uku ina haɗiyewa ita ce: duk ƙwallo goma da na ci, takwas daga ƙafarsa suka fito. Kun san wasan taubasai, ba a fushi. Na ce masa bawana, ya ce mini bawansa, haka muka taso. Amma ana saura kwana uku wasan ƙarshe na kofin unguwanni, a gaban mai shayi, jama'a cike, wani ya yabe ni, sai Goma ya ce, "Wai Tara? Ai ni nake dafawa, in tauna, in sa masa. Shi aikinsa buɗe baki." Aka kwashe da dariya. Kafin gari ya waye sunana ya koma Buɗe-baki.

Da ƙarya ya yi da na yafe.

Ranar wasan muka saɓa ƙarfe. Ban yi niyyar komai ba, wallahi, amma na ji ba zan iya jefa ƙafa tare da ta mutumin da ke bayana ba. Ya taka ni, na ja tsaki. Ƙarfen ya fara lilo. Kawu ya ce a ajiye.

"Tara. Goma. Akwai magana?"

"Babu, Kawu," in ji ni.

"Wasa ne kawai, Kawu," in ji Goma.

Kawu ya juya kan kekensa wajen fili. Sannan ya ce, "To. An riga an ci mu. Ku ɗauka mu tai mu amso."

Haka kuwa aka yi. Duk inda Goma ya jefa ƙwallo, ba na wurin. Na ƙudura sai na ci wadda ba shi ya dafa ba. Suna da ɗaya muna nema, saura ƙiris a tashi, na ƙwaci ƙwallo na yanke mutum biyu na kai gefen raga. Gola ya fito kaina. Goma na tsaye a tsakiya shi kaɗai, raga buɗe a gabansa kamar ƙofar masallaci, yana ihu, "Tara! Tara!" Na gan shi. Ba zan yi wa mamaci ƙarya a takardar ta'aziyyarsa ba, na gan shi sarai. Na buga da kaina. Ƙwallon ta tafi gonar rogo.

Da aka tashi Goma ya zo ya ce, "Yau ko bakin ma ba ka buɗe ba." Na ce in na sake yi masa magana ba a haife ni da jini ba. Kawu bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta. Riguna kawai ya tura mini, duka goma sha ɗaya, na wanke.

Shekara arba'in da uku. Malamai sun ce gaba ba ta halatta ta wuce kwana uku, amma ni na samo mata fatawa: in na shiga taro yana ciki, sai in yi sallama ga jama'a baki ɗaya, ya ɗebi rabonsa a ciki. Mun zauna tabarma ɗaya a sunan jikoki, mun ci tuwo kwano ɗaya a ɗaurin aure, ina cewa, "A gaya wa mutumin nan ya miƙo miya." Kulob ya watse, aka yanka filin aka yi gidaje, Kawu ya samu ɗaya a bakinsa ya koma, aka bar layi ɗaya ya ratsa ta tsakiyarsa ya fita titi. Gabar ce kawai ba ta tsufa ba.

A shekarunsa na ƙarshe Kawu ya makance. Sai jin nasa ya ƙara kaifi har ya fara ba mutane tsoro. Akan kai shi bakin filin makarantar unguwa ya zauna a benci, fuskarsa na kallon sama, idanun fari fat. Wata yamma ina gefensa ya kira kocin samarin ya ce, "'Yan bayanka biyu na tsakiya ba su shiri." Kocin ya ce lafiya lau suke. Kawu ya ce, "In ɗaya ya ba ɗaya ƙwallo, da ƙarfi yake bugawa, kamar mai jifar kare. Tambaye su." Aka tambaya. Ashe yarinya ɗaya suke nema. Kocin bai ƙara zama kusa da shi ba.

Kowace Juma'a in an sauko masallaci, mu da muka rage mukan taru a zaurensa. Cikin goma sha ɗaya, shida sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni, da Goma, da Ɗaya, da Biyar, da Biyu wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Kawu yakan kira lambobi daga farko kamar za a fita fili. "Ɗaya." "Na'am, Kawu." "Biyu." Biyu ya yi gurnaninsa. "Uku." Uku ya shekara ashirin a kabari. Sai Kawu ya karkata kunne wajen ƙofa, ya jira daidai tsawon da mutum zai amsa, sannan ya gyaɗa kai ya wuce. Rana tsaka, ana jin masu talla a waje, amma duk lokacin da ya yi wannan gyaɗa kan sai tsigar jikina ta tashi. Ba wanda yake zama a gefen ƙofar nan. Ba mu taɓa yin shawara a kai ba, kowa dai yakan bar wurin.

Juma'ar ƙarshe, jikinsa ya yi nisa, a kwance aka fito da shi. Ya kira lambobin har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce, "Mu bakwai mun shiga fili. Ku biyar ne ba ku gama ɗaura takalmi ba."

Biyar ya ce, "Kawu, shida ne ai."

"Na iya ƙidaya," in ji Kawu. Sannan ya juyo da fararen idanun nan daidai inda nake, alhali ban yi ko tari ba. "Tara, har yanzu ina jin shi yana lilo."

Na ce, "Mene ne, Kawu?" Kamar ban sani ba.

Ranar jana'iza, bayan an yi masa salla a ƙofar gida, babban ɗansa ya tashi ya faɗi wasiyya. Kawu ya ce daga ƙofar gida zuwa bakin titi, inda motar maƙabarta ke jira, 'yan wasansa ne za su ɗauke shi, kuma kada kowa ya karɓe su. Ɗaya da Biyar a baya, Tara da Goma a gaba. Liman ya ɗan yi gunaguni, domin kowa ya san ana karɓa-karɓa ne don kowa ya samu lada, ga shi kuma ƙaraminmu ya ba sittin da biyar baya. Amma wasiyya ce, kuma tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba.

Na kama dama, Goma ya kama hagu. Rabon da in tsaya kusa da shi haka tun muna da gashi. Muka ɗaga. Da farko ba nauyi. Muka shiga layin nan da ya ratsa tsohon filinmu, jama'a na biye, ana turo Biyu a kekensa, ba ka jin komai sai takun ƙafa da salati ƙasa-ƙasa.

Sai makarar ta fara ja gefe.

Na ji ta tana turo ni wajen katanga. Na danna, ta dawo, ta ja wajen Goma. Ƙarfenta ya fara cin kafaɗata kamar an ƙara mutum a sama. Muka tsaya, muka gyara, muka ci gaba. Taku goma, ta sake. A karo na uku muna daidai inda tsakiyar fili take a da, na san wurin domin tsohuwar bishiyar mangwaro na nan a cikin wani gida. Makarar ta karkata, na ji abin da ke cikin tabarma ya zame, ya zo ya daki ƙarfen daidai kunnena. Ƙwas. Kan Kawu ne. Hadarin nan na tsaye a samanmu, baƙi ƙirin, ko ganye ba ya motsi. Salatin jama'a ya ƙaru. Na ji wata murya a baya ta ce, "La ilaha illallahu, ta ƙi tafiya."

Sai Goma ya yi magana, ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. Kalmarsa ta farko gare ni tun muna samari.

"Tara, don Allah sauya ƙafa. Hagu muke."

Jama'a, ga inda wautar take. Na ji shi. Na duba ƙasa na ga gaskiya ne, su uku suna jefa hagu ina jefa dama. Abu ne na tsalle ɗaya, ɗan makaranta ma ya iya. Amma wani abu a ƙirjina ya ce: wato har a nan ma shi zai dafa ya sa maka? Na ɗaga kai na yi kamar ban ji ba. Na jefa dama.

Gwiwar Biyar ta sare. Makarar ta yi ƙasa ta baya, mata daga cikin gidaje suka saki salati, liman ya daka tsawa, "Ku karɓe su! Ku karɓe su kafin a ga abin kunya!" Samari huɗu suka shigo suka zare ta daga kafaɗunmu. A hannunsu ta tafi kamar ganye, sai da jama'a suka haɗa da sassarfa. Mu huɗu aka bar mu tsaye a tsakiyar layi. Ɗaya yana kuka. Abu ɗaya Kawu ya roƙe mu a duniya, taku ɗari biyu, ba mu kai shi ba.

Da aka dawo zaman makoki kowa na satar kallona, ko kuma ni na ga haka. Kunya takan sa mutum ya yi shiru. Ni tawa surutu take sa ni. Na gyara zama na ce, "Ku ba ku san abin da muka ji ba. Wallahi kamar buhun siminti goma. Kuma ku lura da inda ta tsaya: tsakiyar fili. Akwai abin da ke tsakanin Kawu da wurin nan." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na so a ce ƙauna ce. Amma magana in ta fita ba ta tambayar mai ita hanya. Kafin kwana biyu an ce laya ce, an ce baƙin zakara ne, an ce da ma da asiri muke cin wasa, an ce ai makahon da ke jin abin da ba a faɗa ba sai a bincika. Mutumin da bai taɓa rataya ko ƙaho a rumfarsa ba, wanda ya taɓa korar ɗan wasa don ya zo da rubutun sha a kwalba ya ce a yayyafa a raga. Wani mai wa'azi har ya kawo misali da "wani tsoho a unguwar nan", bai faɗi suna ba, kowa ya gane. Ni kuwa na yi shiru, domin in na ƙaryata sai an tambaye ni to me ya faru.

Ku shaida, ku da kuke karantawa, ku kai wa na kasuwa: ba abin da Kawu ya binne a filin nan sai ƙuruciyarsa. Ƙasa ba ta riƙe shi ba. Ƙafata ce.

In kuna tambaya ko mun shirya da Goma, shekaranjiya shi ya kai ni asibitin ido a motarsa, tun daga gida har can yana zagin tuƙina na da, ina zagin nasa na yanzu. Amma kada ku ɗauka hankali ne ya zo mini da kansa. Kai ni aka yi aka karɓo mini shi.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, aka ce Inna, matar Kawu, tana kirana. Ita ta yi mini wanka ina yaro, ita ta ɗinka mana lambobin riguna da hannunta. Na shiga na tarar tana bayan labule cikin takaba, ƙafafunta kawai ake gani da carbi. Goma na zaune a bakin ƙofa. Na yi sallamata ta jama'a, na durƙusa nesa da shi.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Tara, me nake ji ana faɗa a kan kawunka?"

Na gyara murya. Na ce ai mutane ne ba su da ilimin abin. Na ce a fahimtata, kuma na tattauna da masana, rai yakan shaƙu da wuri, kuma akwai abubuwan da ido ba ya gani, kuma ni dai abin da kafaɗata ta ji ba zan iya musunsa ba, nauyi ne wanda ba na mutum ɗaya ba. Ina cikin kawo hujja ta uku carbin ya tsaya.

"Wata bakwai," in ji Inna, "ni kaɗai nake ɗaga shi daga gado, in kai shi bayan gida, in dawo da shi. Ni, da wannan gwiwar. Bai kai tulun ruwa ba, Tara. Abin da ya danne maka kafaɗa, daga gidanka ka zo da shi."